Ƙashin da Na Rataya wa Lawal Monita

Ranar wata Alhamis, a daminar da nake aji shida, ina bakin rijiyar makarantarmu da ke wani ƙauye kusa da Ƙarfi ina jan ruwa, sai Lawal, monitan ajinmu, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, "Garba, yaya jikin Inna?" Mahaifiyata tana kwance wata biyu ke nan, kuma babu wanda ya taɓa tambayata ita a makarantar. Zuciyata ta yi sanyi, na ce masa da sauƙi, jiya har ta sha kunu. Ban rufe baki ba ya zaro ƙashi daga aljihu ya rataya mini a wuya, yana kiran yara su zo su shaida na yi Hausa.

Dokar makarantar ke nan. Wani ƙashin haƙarƙarin saniya ne da aka huda aka zura masa igiya. Duk wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta, shi ake rataya wa, shi kuma sai ya yi farautar wani ya sauke masa. Wanda tashin Juma'a ya riska da shi a wuya, bulala shida ce a gaban kowa. Daga baya na ga irin wannan a Maraɗi, inda ake yi saboda Faransanci, amma ban ga inda aka sa ciwon uwa ya zama tarko ba sai a wurin Lawal. Shi ma ai Hausar ya yi, sai dai maganar monita ba ta da ja. Na sha bulalar, karo na biyu ke nan. Da Baba ya ga shatar a bayana sai ya ce, "Ban kai ka boko don a riƙa jeme ka ba. In aka ƙara, ka bar ta, ka bi shanu."

Lawal ɗan wani akawu ne a Funtua, an kawo shi wurin kawunsa. Ya san Turancin shara da na layi da na gaida baƙo, yana furta shi ta hanci. Amma bai taɓa riƙe fartanya ba. Wannan na lura da shi, na ajiye a raina.

A lokacin akwai malamin gona da ke zuwa kan keke yana duba audugar Baba. Duk zuwansa sai in bi shi kunya-kunya ina tambaya. Shi ya nuna mini cewa Bature ma bai haɗa ayyukan gona a kalma ɗaya ba. Cire ciyawa "weed" ne, yin huɗa "ridge", rage tsiron da ya yi cunkoso a rami kuwa "thin". Ya ce kada in yarda in ce "cut" ga ciyawar da ake tugewa da hannu, don ba a yanka ta. Na riƙa maimaita su ina kiwo, ina gaya wa awaki, ina gaya wa jakinmu. Ba son ilimi ne ya kai ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Wuƙa nake wasawa.

Bayan sati biyar Lawal ya sake kama ni, wai na ce wa akuya "kai!" da ta shigo aji. Alhamis ce kuma. Na kwana da ƙashin, na san gobe ko in sauke shi ko in yi sallama da allo.

Da safiyar Juma'a ake aikin gonar makaranta. Muna tsaye da fartanyu sai na ɗaga hannu, na roƙi Malam Iro, malamin ajinmu, da Turancin da na kwana ina jerawa, cewa tunda monita ne shugaba, a bar shi ya raba mana aiki yau. Malam ya ji daɗin jimlar, ya yarda. Lawal ya fito yana gyara riga. Na tambaye shi da Turanci cikin ladabi, cire ciyawa za mu fara, ko huɗa, ko rage tsiro? Ya dube ni, ya dubi audugar. Na sake tambaya a hankali, kamar mai taimako. Yara suka fara ƙunshe dariya, wani ya tsuguna ya riƙe ciki. Gumi ya karyo wa Lawal, sai ya daka tsawa, "To ku yi noman mana, 'yan ƙauyen banza!"

Na tako ban yi sauri ba, na cire igiyar daga wuyana, na zura a nasa, har na gyara masa ita ta zauna daidai a ƙirji. Malam Iro ya ce, "Doka ba ta san monita ba." Daga nan har tashi babu yaron da ya buɗe baki, kowa ya ɗinke nasa don kada Lawal ya samu wurin saukewa. Ina sahun gaba lokacin da aka ba shi shidansa, kuma ban kau da kai ba ko sau ɗaya.

Na gama makaranta, na yi yawo har Kumasi da Khartum, na koyi harsuna huɗu ba tare da an rataya mini komai ba. Yau jikokina a Malumfashi waya suke latsawa ta ba su ma'anar kowace kalma, su manta ta kafin la'asar. Ni kalmomina ukun nan suna nan daram, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikinsu, da muryar Inna tana tambayata daga kan tabarma me nake ta gaya wa jaki. Ba ta kai kakar shekarar ba. Bulalar na yafe wa Lawal tuntuni. Tambayar bakin rijiya ce har yau ban yafe ba.