Bube da Ƙafar Ɗan'iya

Ni Na'Allah, shekara goma sha biyar na yi ina tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon Kebbe, kuma wallahi ƙiba na yi a bakin raga. To ta ina ƙwallo za ta iso gare ni, Bube na tsaye a baya?

Makiyayi ne kafin ya san ƙwallo, ba takalmi ya fara wasa, da kaushin da ƙaya ke jin tsoro. A farkonsa ƙarfi ne kawai. In ɗan gaba ya taho, sai Bube ya zube ƙasa ya kwashe shi, shi da ƙwallon duka, mu kuwa mu yi ta ihu muna zuga shi.

Wata shekara bayan kaka muka je Tambuwal wasa. Suna da wani ɗan gaba, Ɗan'iya, wanda wata babbar ƙungiya a Sakkwato ta kira gwaji a makon. Kai, yaron nan iska ne! Ya wuce Bube, mutanenmu suka ɗauka: "Kwashe shi!" Har da ni. Bube ya kwashe shi ta baya. Daga raga na ji ƙarar ƙashin. Maɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar ta warke a karkace, maganar Sakkwato ta mutu, Ɗan'iya ya koma ɗinki.

Bube ya hau keke ya je har ɗakin Ɗan'iya. "Ɗan'iya, gafara nika biɗa." Ɗan'iya ya juya fuska bango. Tun daga nan, duk bayan ƙaramar Salla sai Bube ya bi hanyar nan mai karya ƙugu, da keke, daga baya da babur, ya durƙusa bakin shagon ɗinki. Amsa ɗaya yake samu: "Ka gai da gida." Shekara talatin da uku! Na ce masa, "Kai ko zuciya ba ka da ita?" Ya ce, "Na'Allah, ni tsoro nika ji in mutu da ƙafar mutum bisa wuyana."

Abin da ya sa har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi shi ne yadda wasansa ya koma. Ya rantse jikinsa ba zai sake taɓa ƙasa a fili ba. Ya koma wa ilimin kiwo: saniya in za ta ɓalle daga garke, ƙugunta ake duba, ba ƙaho ba. Sai ka ga ɗan gaba na ta rawa da ƙafa, Bube na tsaye kamar mai jiran mota, can ya miƙa ƙafa ɗaya ya ɗauki ƙwallo. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi, bai ka da kowa ba, ko katin gargaɗi bai gani ba.

Da ya zama koci, yaran da suka zo da sabon takalmi sai ya tura su tare maruƙa a bakin rafi, ba sanda. Iyaye suka ce ya zautu. Doka ɗaya gare shi: wanda ya kwashe mutum ta baya, ya tuɓe riga ya tafi gida.

Bara muka kai wasan ƙarshe da Tambuwal a filinsu, kofin da Kebbe ba ta taɓa ɗauka ba. Ɗaya da ɗaya ake, saura minti biyu, sai ɗan gabansu Mudassir ya kuɓuce. Ɗan Ɗan'iya ne na cikinsa, gudun uban sak. Gazali, ɗan bayanmu na ƙarshe, yana dab da dugadugansa. Mutanen Kebbe suka ɗauka: "Kwashe shi!" Kunyar faɗi nake ji, amma har da ni, da furfurata.

Muryar Bube ta danne ta kowa. "Gazali! Bar shi!"

Gazali ya bar shi. Ƙwallo ta shiga raga, kofi ya zauna Tambuwal. Na ji kamar in shaƙe Bube, wasu har robar ruwa suka jefa masa. Shi ko motsi bai yi ba.

Ana cikin hayaniya sai na hangi wani dattijo yana ratso fili yana ɗingishi, bai nufi wajen kofi ba, bai nufi wajen ɗansa ba. Ɗan'iya ne. Ya tsaya gaban Bube, ya daɗe yana dubansa.

"Bube, bana kada ka taso bayan Salla. Ni ka zuwa Kebbe." Ya miƙa hannu. "Na yafe ma, duniya da lahira."

 Bube ya zube nan tsakiyar fili yana kuka, mutumin da shekara talatin da uku ba wanda ya ga jikinsa a ƙasa a wajen wasa. Gurgun ne ya sunkuya ya ɗaga shi.