Takarda Biyu a Gwangwanin Kaka

Har yau in na buɗe gwangwanin shayi, ƙamshin nan ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. A irinsa Kaka take ajiye takardarta.

Bari in gaya maka asalinta. Da su Kaka suna tahowa Makka, ƙanwar babana ta kwanta ciwo a bakin teku a Sudan, tana 'yar shekara shida. Wani dillalin jirgi ya ce a bar ta gidan mutanen kirki, ya miƙa wa Kaka takarda da rubutun Turawa, wai sunan gidan na ciki. Shekara goma sha takwas tana shafa ta. Duk unguwarmu ba mai karanta boko.

Wata shekara, zafi kamar ya narka dutse, muka saukar da wani alhaji a ɗakin sama, tsoho ɗan ƙabilar Tamil daga tsibirin Silan, kusa da Indiya. Lauya ne, ya yi karatu a Ingila, ya daɗe a majalisar gwamnan Turawa. Da ɗan Larabcinsa yake ba babana labarin yadda yake tsaya wa masu tsinkar ganyen shayi a kotu. Ran da aka dawo daga Arfa, Kaka ta kai masa gwangwanin.

Ya duba gaba, ya duba baya. "Ya Hajja, wannan shaidar allurar rigakafi ce. Babu sunan kowa sai naki."

Kaka ta zauna daɓas a ƙasa. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya ce da bakinsa ya goyi bayan irin waɗannan takardu a majalisa, bai taɓa tunanin hannun da za su faɗa ba. Ya rantse zai bincika.

Bayan shekara biyu wasiƙarsa ta iso. Da Turanci! Mutum ya ga abin da Turanci ya yi wa tsohuwa, ya sake aiko mata da shi. Babana ya ce a nemi mai karantawa, Kaka ta fizge. "Takarda ta kashe ni sau ɗaya, ya isa." Ta kulle ta a gwangwanin har ta rasu, mu kuma muka bi ta da shiru, don mun ɗauka ta'aziyya ce.

Yanzu kowane yaro a unguwarmu ta Rusaifa yana karanta Turanci a waya. Jikana ne ya karanta mini wasiƙar, ina tsohuwa. Ashe lauyan ya samo ƙanwar babana da rai, da 'ya'ya uku. Ya rubuta sunan garin, ya ce kullum tana tambaya ko uwarta za ta zo.