Taurari Biyar na Zumuntar Mata

Ɗan uwar zumuntarmu ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana cin tuwon uwarsa, sai rana ɗaya muka ji wai ya buɗe kamfani. Kamfanin nan ɗaki ɗaya ne a Kakuri, bayan katangar tsohuwar masaƙa, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da gawayi. Na je na gani da idona. Tebur ɗaya, kujerun roba biyu, tulin kwalaye da salatif mai faɗi. Amma in ka buɗe wayarka ka shiga babbar kasuwar nan ta intanet, wadda ake sayar da komai daga allura har firij, sai ka ga shagonsa da tambari mai ƙyalli kamar na banki. Har kati ya buga, ya rubuta wa kansa shugaban kamfani. Shi ne shugaba, shi ne masinja, shi ne mai shara.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Unguwar Boro, kuma ni ce sakatariyar zumuntar mata a cocinmu. Duk abin da ya shafi biro da takarda ni ake miƙa wa, kuma ba zan ɓoye ba, kaina na kumbura da hakan.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, uwar zumunta ta tsayar da mu a gindin mangwaro.

"Mata, ɗanmu ya fara sana'a," ta ce. "A kasuwar nan tasu wai ba a saye wurin wanda ba shi da taurari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu tashi mu ba ɗanmu taurari."

Sai shi ɗan namu ya matso ya yi mana bayani. Duk wanda ya sayi kaya, in ya karɓa, sai ya ba mai shagon taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta yadda ya ga kayan. Masu saye kuwa shagon da ya fi taurari suke bi. Mu mutane ne da in ɗan coci ya buɗe shago, sai mun je mun yi addu'a, mun sayi ko da ashana ce don a sa albarka. Don haka babu wadda ta ga aibu. Wata tsohuwa ma cewa ta yi in ana ba da goma, a rubuta mata goma.

Sai dai kasuwar ba ta karɓar yabo daga wanda bai saya ba. To, ga dabarar shugaban kamfani. Ya karɓi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya, ya yi odar kaya daga shagonsa da sunan kowace mace, ya biya kansa da kansa. Ya koma Kakuri ya jefa dunƙulen miya biyu a kwali, ya naɗe da salatif, ya manna takarda wai injin markaɗe ne. Ya kai ofishin kasuwar da ke ƙetaren kogi. Daga can aka loda kwalin a babbar mota zuwa Legas, inda rumbunsu yake, aka duba lambarsa, aka sake loda shi zuwa Kaduna. Bayan mako biyu ko uku sai wani mai babur ya dame ni da kira ina tsakiyar aji, "Madam, ina ne gidan? Madam, ban ga kwanar ba." In bar yaran mutane in fito in sa hannu a kan dunƙule biyu da suka taso daga inda keke ke kai ni kafin tuwo ya huce. Ni da furfurata ban taɓa taka Legas ba, amma dunƙulen miyata ya je ya dawo. Wannan shi ne ci gaban da ake ta yi mana kirari da shi.

Yawancin matan ba sa rubuta Turanci, saboda haka rubutun yabon ya faɗo kaina. Kai, na yi gwaninta. Injin markaɗe na rubuta masa da muryar amarya. Dutsen guga kuwa da muryar gwauro mai zuwa ofis. Wani wuri har kuskure nake sawa da gangan don kada a gane hannu ɗaya ne. Ni ɗin nan da nake zane yaro a kan satar amsa, nake tsayawa gaban aji ina cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya fi fita da kyau shi ne na wani injin awon hawan jini, irin wanda ake naɗa wa a dantse. A wayar wata mai sayar da doya na rubuta shi. Na ce na saya wa mahaifina ne, tun da injin ya zo hankalinmu ya kwanta, mun huta da zaryar asibiti, Allah ya yi wa mai shagon albarka. Mahaifina kuwa ya rasu tun ina budurwa. Da na gama, na tura adireshin shagon a guruf ɗin danginmu na waya, kamar yadda aka ce kowa ta yi.

Wata rana na biya Kakuri in karɓi sunayen sababbin kayan da zan yaba. Na tarar da shugaban kamfani a tsugune yana hure ƙura daga wasu kwalaye yana sake naɗe su. Na tambaye shi, ya ce injinan awon jini ne da masu saye suka dawo da su.

"Me ya same su?"

"Mami, ba komai fa. Kin san kastoma da ƙorafi. Kawo hannunki ki gani."

Ya naɗa mini, injin ya yi gurnani, ya nuna lamba. Ya kwance ya naɗa wa kansa, lambar nan dai ita ta sake fitowa. Ya leƙa ya kira mai gawayi, wani ƙaton mutum da ko tafiya yake sai ya yi haki, shi ma lambar ke nan.

"Kin gani ko, Mami? Jininki daidai da na matashi!"

Ya yi dariya. Ni ma na yi dariya, wannan ita ce gaskiya. Na dai ce masa ya kamata ya zubar da su, ya ce in ya zubar wa zai ɗauki asarar? Kasuwar ba ta buɗe kwali ta duba, lambar da ke bayan kwalin kawai take dubawa. Na karɓi takardata na tafi.

Ina da wa ɗaya a duniya. A Kakuri yake zaune, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, tun da aka rufe ta yake ɗan gyaran keken ɗinki a ƙofar gida. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aiki a Abuja. Ya daɗe da hawan jini, kuma ya tsani maganin, wai yana sa shi zaryar bayi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da albashinsa na masaƙa na yi makarantar horon malamai. Malama yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana.

Wata Asabar na kai masa miyar karkashi, sai ya ce in zauna in ga abin da 'yarsa ta aiko. Ya shiga ɗaki ya fito rungume da kwali. Tun kafin ya buɗe na gane salatif ɗin.

"A shagon da kika turo ta saya," ya ce. "Wai har wata mata ta rubuta cewa ta saya wa babanta, sun huta da asibiti. Ya yi sati uku a hanya, amma ya iso. Malama, kullum na auna, lafiya lau. Ashe likitocin nan tsorata mu kawai suke yi."

"Yaya, kada ka dogara da injin nan. Irin waɗannan ba su da tabbas."

"Taurari biyar fa gare shi. Ke kin fi mutanen da suka saya sani ne?"

Nan ne wurin. Kalma biyar ta ishe ni: ni ce na rubuta su. Amma sai na dubi mutumin da ya sayar da kekensa don in zauna jarrabawa, na ji ba zan iya gaya masa abin da na yi da karatun ba. Na ce dai ya ci gaba da shan magani. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro don ya yi shiru.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na shiga kewaye-kewaye, ko zan gyara ɓarnar ba tare da an ga hannuna ba. Na kira lambar kasuwar. Aka sa mini kiɗa har katina ya ƙare. Na sake kira, wata murya da ba ta mutum ba ta ce in danna ɗaya, in danna uku, in danna ɗaya. Da ƙyar na samu wata yarinya mai zaƙin baki, ta ce sun damu ƙwarai da damuwata, amma wadda ta saya ita ce za ta yi ƙorafi, kuma kwanakin mayar da kaya sun wuce. Na ce ba mayarwa nake so ba, so nake a sauke injin daga kasuwar kafin ya kashe wani. Ta ba ni wata doguwar lamba ta ce za a tuntuɓe ni. Har yau ana tuntuɓata. Mutanen da suka iya bin dunƙulen miya daga Kaduna zuwa Legas suna aiko mini saƙo a kowane zango, su ne suka kasa gano injin da aka dawo musu da shi sau ba adadi.

Na koma wurin shugaban kamfani da fushina. Ko tashi bai yi daga kujerar robarsa ba.

"Mami, ni na ƙera shi? Ni sayarwa kawai nake. In kin tona, ki tuna wa ya rubuta. Ni ko irin Turancin nan naki ban iya ba."

Na je wa uwarsa, ta kama hannuna ta ce kada in bari Shaiɗan ya yi amfani da ni in rushe abin da Allah ya gina wa yaro maraya. Ta ce mu sa abin a addu'a. Muka durƙusa muka yi addu'a, ita tana roƙon a tsare kamfanin ɗanta daga maƙiya, ni ina cewa amin.

Na yi niyyar in sayo masa injin kirki a kemis in musanya a ɓoye. Na ce sai ƙarshen wata. Na yi niyyar kiran 'yarsa, na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, na sani, ina ma koya wa yara wannan karin maganar.

Ranar wata Talata da hantsi maƙwabciyarsa ta kira ni a makaranta. An same shi a ƙasa kusa da keken ɗinkin da yake gyarawa, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. A asibiti da nas ta auna shi, sai da ta sake aunawa, sannan ta dube mu ta ce yaushe rabonsa da magani. A ɗakinsa muka tarar da kwalaben maganin a cike, ko buɗe su bai yi ba. Kusa da su ga wani ɗan littafi inda yake rubuta awon kowace safiya da kyakkyawan rubutunsa, lamba ɗaya tun daga saman shafi har ƙasa.

'Yarsa ta iso washegari. Muna zaune a barandar asibiti, tana riƙe da kwanon kunun da ta dama masa, tana kuka tana cewa ita ta kashe babanta da hannunta. Ta ciro waya ta buɗe shagon ta nuna mini.

"Anti, dubi abin da matar nan ta rubuta. Saboda ita na saya. Wace irin mara tsoron Allah ce za ta yi ƙarya da babanta?"

Injin yana nan a kasuwar, da taurarinsa biyar cif, har an rubuta saura kaɗan ya ƙare. Na dubi yarinyar nan tana ɗaukar kayan da ba nata ba, na ga in na sake yin shiru to na gama lalacewa. Na ce mata babu wata mata, babu wani baba, ni ce na rubuta. Na gaya mata har ranar da aka naɗa mini injin na yi dariya, da ranar da na gan shi a hannun babanta na kasa faɗa masa gaskiya.

Na so ta zage ni, ko ta mare ni a gaban mutane. Ba ta yi ba. Ta share fuskarta, ta miƙo mini kwanon da cokalin.

"Ran Litinin zan koma aiki, Anti. Ke za ki riƙa ba shi. Kuma kada ki gaya masa, ba zai iya ɗauka ba."

Tun daga ranar ba ta sake kirana a waya ba, sai dai ta kira maƙwabciya ta tambayi jikinsa. Na ajiye sakatarcin zumunta, aka ba wata, na ji ma ita ke rubuta musu yabon yanzu. Kullum da sassafe kafin in tafi makaranta nake hawa keke zuwa Kakuri, in tashe shi, in jingina shi da matashi, in ba shi kunu cokali-cokali ina goge abin da ya zubo ta gefen bakin. Maganarsa ta tafi, kalma kaɗan ce ke fita a gane. In ya ƙoshi sai ya lalubo hannuna da hannunsa na hagu ya riƙe, ya yi ta kokawa da harshensa har sai ya fitar da ita.

"Na gode, Malama."