Mu'tasim, wanda ya sa auduga a kunnensa saboda Mama

Ranar Laraba, 18 ga Yuni, 2025, muka rasa Malam Mu'tasim mai gyaran kayan sauti a unguwar Jambutu da ke Jimeta, bayan jinyar ciwon ƙoda. Ina kan keken ɗinki aka faɗa mini. Na daɗe riƙe da almakashi, na rasa me zan yanka.

Mu'tasim, ni ce Rebeka, wadda kake ce wa Adda mai faɗa. Yau ba faɗa na zo yi ba.

Ka zo garin nan daga Bama a shekarun gudu, da matarka Falmata da akwatin kayan aiki. Mu kuma bam ɗin da ya tashi a Jimeta ya ɗauke mana ƙanwata Nancy, ya kashe wa Mama kunnen hagu. Na daman ma likita ya ce a hankali zai bi sahu. Abin da ya rage mana na Nancy waƙa ɗaya ce ta zumuntar mata, da aka ɗauka a coci, tana cikin tsohuwar kwamfutarta. Mama kan sa hedifon ta saurara, ta cire, ta ce ba ta jin komai sai zuuu. Burinta ta ji muryar 'yarta kafin kunnen ya rufe.

Kowa a layinmu ya ce in sayi amfilifaya. Mu a Jimeta ai haka muka san sauti: in bango bai girgiza ba, ba a kunna ba. Na zo shagonka na ce ka ba ni mai ƙarfi. Ka ce, "Adda, amfilifaya ƙarfi yake ƙarawa. Saund kad kuma ɗan akwati ne da ake jonawa da kwamfuta, ya fitar da sautin a tsabtace. Ban san wanne Dada take buƙata ba sai na ji." Dada kake ce wa Mama. Na ce kai ɗan kasuwa ne ko likita? Ka yi dariya, ka rufe shago da rana tsaka, ka biyo ni da su biyun a leda.

Abin da ka yi a gidanmu ba zan manta ba. Ka tambayi Mama wane kunne ne ya mutu. Ka cusa auduga tam a naka na hagu, ka sa 'yar kaɗan a na dama, sannan ka ɗora hedifon. Ka ce so kake ka ji yadda take ji. Da ka jona amfilifaya, sai ka yamutsa fuska. Ka ce gurnanin daga cikin kwamfutar yake, in an ƙara ƙarfi shi ma zai ƙaru, kuma ƙarar za ta cinye ɗan jin da ya rage mata. Ka jona saund kad, ka haɗe sautin duka ya koma gefen dama, ka rage murya, ka ɗora mata a kai da hannunka.

Mama ta kasa kunne. Can sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Ga ta nan. Ita ce take jan numfashi kafin amshi. Tun tana yarinya haka take yi." Wallahi ni ban taɓa lura ba. Na fita tsakar gida na yi kukan da ban yi a wajen jana'iza ba. Kai kuma ka tsaya kana naɗe waya, kamar ba ka gan mu ba.

Daga nan duk sa'ad da ka bi ta layinmu sai ka leƙo ka duba ko na ƙara murya a ɓoye. Na ƙara kuwa, kuma kana kama ni.

Bara kunnen ya rufe gaba ɗaya, amma sai da ta ji 'yarta har ta ƙoshi. Da muka sanar da ita rasuwarka da hannu, ta ɗauko mayafi ta ce a kai ta gaisuwa. Ta zauna cikin mata tana cewa amin a inda ba a kai ƙarshen addu'a ba, babu wanda ya gyara mata. A nan Falmata ta faɗa mana abin da ba ka taɓa faɗa ba: mahaifiyarka ba ta fita daga Bama da rai ba, kuma ba ka da muryarta ko ta sallama ɗaya a waya. Wayyo, Mu'tasim! Zuciyata ta karye.

Falmata, da 'yarki Nahla, da dukan dangi, ni da Mama muna yi muku ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Kai kuma Mu'tasim, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ya sada ka da mahaifiyarka, ka ji ta kira sunanka.