Kumatun da Magani Ya Yi Mini

A ƙauyenmu, can bayan Minjibir, matar da ba ta daka ba ta da bakin magana a tsakar gida. Ni kuwa dakan ne ya fara gagarata. Da na ɗan ɗaga taɓarya sai hannuna na hagu ya mutu murus, ya yi sanyi, idona ya yi duhu. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, ba ta taɓa zagina ba. Habaici dai ta iya. Sai ta dubi kaji ta ce, "Ku kam kun huta, ci ba aiki."

A ƙaramin asibitinmu ma'aikacin ya ɗaura mini abin awon jini a hannun hagu, bai ga komai ba, ya bubbuga shi ya ce batir ne. Sai da na yanke jiki na faɗi a bakin rijiya mijina ya kai ni babban asibiti a Kano. Can wata likita ta daɗe tana laluben wuyan hannuna, sannan ta sa abin saurare a wuyana. Bayan gwajin jini da hoto, ta ce manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga zuciyata ne suka kumbura suka tsuke, shi ya sa hannun ba ya bugawa. Ciwo ne da ba a cika gani ba, kuma ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. In na bar magani zai iya taɓa idona ko ya shanye mini ɓarin jiki.

Maganin ya rage ciwon, amma ya cika mini fuska. A wurinmu kuwa ƙiba ita ce shaidar lafiya. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa barka: "Ke, Kano ta karɓe ki! Ji kumatu!" Ina murmushi, raina yana ƙuna. Da ina rame an ɗan tausaya mini, yanzu da na yi ɓul-ɓul wa zai yarda? In sha magani a ce ƙyuya ce, in bari in makance. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar da aka kawo sabon gero daga gona, Inna ta jingina taɓarya a ƙofar ɗakina. Kunyar surukuta ba ta taɓa barina na yi mata bayani ba, ko ido ba na haɗawa da ita. Amma ranar na gaji. Na durƙusa gabanta, na kama yatsunta na ɗora a wuyan hannuna na dama, inda likita ta nuna mini.

"Yana motsi," ta ce.

Na miƙa mata na hagu. Ta laluba, ta danna, ta sake dannawa. Ta daɗe riƙe da shi.

"La'ilaha illallahu. 'Yar nan, da wannan kike yi mini daka?"

Ta miƙe ta ɗauki taɓaryar. Tun daga ranar ita ke daka, da ciwon ƙugunta da komai, ni sai tankaɗe. Masu wucewa suna leƙowa ta kan danga su ga tsohuwa tana haki, matar ɗanta na zaune a inuwa da kumatu. Yardar da na nema dai na samu. Kullum da safe ina haɗiyar ƙwayar ina jin ƙarar turminta, wallahi sai in ji gara habaicin.