Jan Ƙyallen Baba Iro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko wayar na sayar, e, an sayar da ita, da akuyar matata Rabi. Amma ina raye, alhamdu lillahi.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata, feshi nake yi a wata gonar tumatir a ƙasar Bagwai. Tun da kaya suka yi tsada, Alhaji mai gonar ya daina sayen maganin ƙwari a ƙananan kwalabe. Jarka ake sayowa, a tsiyaya mana a robobin lemo. Ba suna, ba takarda.

Mai kula da sito shi ne Baba Iro, dattijo ne da bai yi boko ba. Duk jarkar da aka kawo sai ya ɗora ta a keke ya kai wa malamin gona ya karanta masa. Ya dawo ya rubuta da ajami ya manna a kowace roba. Wadda ta fi mugun dafi ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuya.

Kullum da safe sai ya tsayar da mu kafin ya miƙa magani. "Wannan mai jan ƙyallen ta fata yake shiga. Ku rufe hanci, kar ku bi iska ta gaba, kar wanda ya ci goro sai ya wanke hannu."

Ni na laƙaba masa suna Likita. Har kwaikwayon muryarsa nake yi in ya juya baya. Mu a tunaninmu, in ka gama feshi ka sha nono, shi ke nan ka kashe dafin.

Ranar wata Talata da hantsi tankin feshin da ke bayana yana yoyo, rigata ta jiƙe sharkaf, na ce zufa ce. Sai bakin famfon ya toshe. Na cire shi na sa a baki na hura, kamar yadda na saba.

Kafin azahar yawu ya fara zubo mini, na kasa tsayar da shi. Cikina ya murɗa, ga amai, gona ta yi duhu alhali rana na tsaka. Na faɗi a tsakanin kunyoyin tumatir.

Ina jin abokan aikina sama-sama. Wani ya ruga rugar Fulani ya karɓo nono, wani yana cewa a nemo manja. Sun tallafo kaina za su ɗura mini, sai na ji muryar Baba Iro, wadda ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba.

"Wallahi duk wanda ya zuba masa abu a baki ban yafe ba! Ku cire masa rigar nan!"

Shi ya wanke ni da sabulu a bakin rijiya, ya kwantar da ni ta gefe. Da aka ɗora ni a mota, ya koma sito da gudu, da shekarunsa, ya ɗauko jarkar asali ya rungume ta har asibiti.

Likita na ainihi bai tambayi sunana ba. Ya haska idona ya ce, "Wane magani ne?" Abokan aikina suka ce na ƙwari ne. Baba Iro ya ajiye jarkar a gabansa. Likita ya karanta, nan take ya ce a kawo allura.

Daga baya ya gaya wa Rabi, "Hajiya, wannan tsohon ya rage mana aikin lalube. Da an ɗura masa nonon nan, da cikin huhunsa zai wuce."

Kwana uku ina kan iskar oksijin. Allura a kai a kai, har bakina ya bushe ƙamas, ina surutai ban san me nake faɗa ba. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji. Kullum sai an rubuto sabon magani, Rabi ta fita ta dawo idonta jawur, ta ce mini hayaƙi ne.

Ranar da na fi jin tsoro ita ce ta biyar. Na ga sauƙi, sai kuma wuyana ya kasa ɗaukar kaina. Na tuna 'ya'yana mata biyu, na yi kuka ban ɓoye ba.

Baba Iro yana zuwa duk bayan kwana biyu da kunu a kwano. Rannan na ce, "Baba, ka yafe mini tsiyar da nake yi maka." Sai ya ce, "Ƙanena Sale a gonar auduga ya rasu. Ni na riƙe kansa, ni na ɗura masa madara. Babu wanda ya taɓa gaya mana."

Shekara biyu yana tsayar da mu kowace safiya, bai taɓa faɗa mana wannan ba.

Kwana goma sha shida na yi aka sallame ni. Hannuna ya yi wata biyu yana rawa, yanzu ina riƙe cokali lafiya.

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da nas-nas, da Rabi, da Alhaji da ya taimaka da magani kuma ya sayo takunkumi da safar hannu. Baba Iro kuwa, Allah Ya jiƙan Sale, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

'Yan uwana masu feshi, kar ku hura famfo da baki, ku sa tsinke. Riga ta jiƙe, a cire a yi wanka da sabulu. Wani ya faɗi, ba nono, ba manja, a yi asibiti da shi tare da mazubin maganin. Masu gona, ku gaya wa ma'aikatanku abin da ke cikin robar da harshen da suke ji.

Likita ya hana ni feshi, don haka na koma sito wajen Baba Iro. Ni nake ɗaura jan ƙyallen yanzu, ni nake tsayar da mutane da safe. Jiya ina juya baya na ji wani yana kwaikwayon muryata, ya ce, "Ƙaramin Likita."

Na juyo na amsa, na sake maimaita musu daga farko.