Tsagar Wanzami a Bayan Jikata

Tun shekarar da aka rufe boda jikata take jan ƙafar hagu, fitsari yana kufce mata. Da aka ɗauki hoto a Maraɗi, aka ce ƙullutu ne mai ruwa ya danne jijiya a ƙasan bayanta, sai an yi aiki. Likitan da ya iya daga Yamai yake zuwa, kwana uku kacal yake yi.

Ranar da ya iso muka tashi da asuba daga Tsibiri, ni da uwar yarinyar, matar ɗana. Sai da muka ratsa Maraɗi muka nufi Jiratawa, don can aka kai yarinyar wajen kakarta ta wajen uwa, a yi mata addu'a. Ɗan kabu-kabu ya ce jika ɗaya ta sefa, wai mai ya yi tsada. Ramukan hanya dai kyauta muka sha su. Muka karya da ƙosai, yarinyar tana ta noƙewa, ba ta son a taɓa bayanta.

A asibitin Maraɗi likita ya ɗaga rigarta, ya duba bayanta. Tsaga ce sabuwa, layi-layi, daidai inda zai sa wuƙa, har ta fara ruwa. An kira wanzami ya yi mata ƙaho, wai a rage mugun jini kafin aiki! Likita ya ce ba zai buɗe kusa da jijiya a kan gyambo ba, sai ya dawo bayan wata biyu.

Wata biyu yarinya tana jiƙa tabarma, ƙafa tana ƙara mutuwa, saboda aska da ƙahon saniya. Na koma Jiratawa na faɗa wa kakar abin da ban taɓa faɗa wa tsohuwa ba. Ta bari na gama, ta ce, "Malam, bara da uwarta ta roƙi a kai ta asibiti, wa ya ce a fara da wanzami?"

Ni ne.

Muka kwana uku a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, ana wanke gyambon, sannan muka dawo Tsibiri. Abin da na koyo, fushin da na ɗauka zuwa Jiratawa a ƙofar ɗakina ya kamata in sauke shi. Na kira uwar yarinyar gaban mijinta, na ce, "'Yata, gaskiyarki ce tun bara. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe, Baba. Amma har likita ya dawo, a ɗakina za ta kwana, a kan idona."